Tsofaffin gidajen marayu a arewacin Kamaru: tambayoyi da amsoshi kan tarihinsu, gininsu da gyaransu

A garuruwan arewacin Kamaru, daga Ngawundare zuwa Garwa da Marwa, har tsallaken kogin Logon a ƙasar Chadi, ana cin karo da dogayen gine-gine masu baranda da kaurin bango waɗanda aka yi domin renon jarirai da marayu tun zamanin Faransa. Wasu sun koma makaranta, wasu ɗakin shan magani, wasu sito, wasu kuwa an bar wa jemagu. Ga tambayoyin da kwamitocin unguwa, masu riƙon irin waɗannan gidaje da magina suka fi yi idan maganar gyara ta taso.

Wa ya gina su, kuma a wane zamani?

Mafi yawansu aikin mishan ne. 'Yan mishan daga Amurka sun fara zama a yankin Lere da Yagwa a farkon shekarun 1920, wata ƙungiyar Amurkawan ta sauka kusa da Meiganga a 1923, sannan 'yan ƙasar Nowe suka kafa tasharsu a Ngawundare a 1925. Katolika sun makara. Sai a 1946 limaman Oblat, wata ƙungiyar mishan ta Katolika, suka iso arewa ƙarƙashin Yves Plumey, wanda daga baya ya zama bishop na Garwa, 'yan sista kuma suka biyo baya da aikin jinya da renon jarirai. Shi ya sa ginin da aka yi da jan bulo ko dutse, aka rufa da kwano, galibi yana tsakanin ƙarshen yaƙin duniya na biyu da shekarun farko bayan samun 'yancin kai a 1960. Na kafin nan yawanci ƙasa ce da jinka, kaɗan ne suka kawo yau a kamanninsu na asali.

Gidan marayu bai cika tsayawa shi kaɗai ba. Ɓangare ne na tashar mishan, kusa da ɗakin haihuwa ko ɗakin magani, a filin da ke bayan gari a lokacin. Garin ne ya yi girma ya cim masa.

Dattawan unguwa suna cewa ginin Jamus ne. Haka ne?

Da wuya. Jamusawa sun ci Ngawundare da Garwa a 1901, Marwa a 1902. Garwa ta kuɓuce musu a 1915, sansaninsu na ƙarshe a dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. A ɗan wannan zaman sun yi mulki ne ta hannun sarakuna, ba su kuma buɗe wa mishan ƙofar arewa ba, gudun rigima da sarakunan Musulmi. Bariki da ofis da kurkuku suka gina. Yana yiwuwa a mayar da tsohon siton soja gidan reno daga baya, amma an saba kiran duk wani gini mai ƙwari da sunan Jamus, ko da an ɗora tubalinsa shekara talatin bayan tafiyarsu.

Mu a al'adarmu dangi ke riƙon maraya. To su wane ne yaran da aka ajiye a ciki?

Gaskiya ne, yaron da ya rasa uba ko uwa yana komawa hannun baffa, kawu, goggo ko inna, kuma har gobe wannan ne ya fi yawa. Inda riƙo ke gazawa shi ne jaririn da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, ba a kuma samu mai shayarwa a dangi ba. Irin wannan jinjiri kwana biyu ko uku kawai yake da su. Shi ake kai wa mishan, a rene shi da madarar akuya ko ta saniya da aka tafasa, daga baya da ta gwangwani, idan ya isa yaye kuma sau da yawa dangi su zo su karɓe shi. Akwai kuma 'ya'yan masu cutar kuturta, waɗanda ake raba su da iyayensu kafin a samu maganin da ke hana yaɗuwarta. A Ngawundare, har cikin shekarun 1950, bayin da suka gudu daga hannun iyayengijinsu suna fakewa a tashar mishan, wasu da goyo.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba: yaran da suka daɗe a irin waɗannan gidaje sun tashi a kan addinin masu renonsu, wannan ya sa Musulmi da yawa suka yi nesa-nesa da wurin. Duk mai rubuta tarihin gidan ya rubuta rayukan da aka ceta, ya rubuta wannan ma.

Ta yaya za mu gane shekarun ginin idan babu kwanan wata a jikinsa?

A fara da kwano. Tsohon kwano ƙarfe ne mai kauri da nauyi da aka shigo da shi daga Turai, sau da yawa da hatimin kamfani a cikinsa, wanda ake gani idan an hau cikin silin da tocila. Kwanon alminiyum bai yawaita ba sai bayan da masana'antar alminiyum ta garin Edeya, a kudancin Kamaru, ta fara aiki a 1957. Amma a kula, rufi ana canza shi, don haka kwano yana faɗin shekarun rufin ne kawai.

Siminti ya fi ba da labari. Jirgin ƙasa bai iso Ngawundare ba sai 1974, masana'antar siminti ta garin Figil, tsakanin Garwa da Marwa, kuma a farkon shekarun 1970 ta fara. Kafin nan kaya masu nauyi ta kogin Binuwai suke hawowa zuwa tashar jirgin ruwa ta Garwa, a 'yan makonnin da kogi ke cike da damina. Siminti yana da tsada ƙwarai, sai a linta, daɓe da bakin rijiya ake ganinsa. Idan kuka kankare tsakanin bulo biyu da ƙusa kuka tarar da laka, ginin tsoho ne. Idan bulon siminti mai rami ne tun daga ƙasa har sama, galibi na baya-bayan nan ne.

Katakon da aka tsaga da zarton hannu yana da zane a karkace, ba daidai ba, na inji kuwa zanensa a jere yake. Taga mai ƙyauren katako ba gilashi ta girmi taga mai gilashin nako, wato falle-fallen gilashi da ake karkatawa a buɗe ko a rufe. Inda aka yi ƙari kuma za ku ga layi miƙaƙƙe daga sama har ƙasa, bulon sabon bango bai shiga cikin na tsohon ba.

A takarda, hotunan sama da aka ɗauka a shekarun 1950 suna nuna rufin da ke tsaye a lokacin. Mishan ɗin Nowe na da ma'ajiyar takardu da hotuna a garin Stavanger na ƙasar Nowe, takardun mulkin Faransa suna garin Aix-en-Provence na Faransa da ma'ajiyar ƙasa ta Yawunde, sassan tarihi na jami'o'in Ngawundare da Marwa kuma suna da ɗaliban da ke neman irin wannan aiki.

Me ya sa ginin ya zama dogo siriri, da baranda gaba da baya?

Domin iska da inuwa, a lokacin da babu lantarki. Faɗin ɗaki bai cika wuce mita 5 zuwa 6 ba, tagogi na kallon juna, iska ta shiga nan ta fita can. Magini mai lura yana shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, ta yadda gajerun bangaye ne kawai ke shan ranar hantsi da ta la'asar, kuma hadarin farkon damina, wanda daga gabas yake tasowa, ya daki ƙaramin gefe. Baranda mai faɗin mita 2 zuwa 3 tana hana rana da ruwa taɓa dogon bango. Tsayin ɗaki mita 3.5 zuwa 4, da ƙananan kafofi a can sama inda zafi ke fita. Mutane da yawa suna toshe waɗannan kafofi saboda ƙurar hunturu, sannan su yi kukan ɗaki ya yi zafi. Raga ake sa musu.

Ga alamomin da ke nuna domin yara aka yi ginin. Matakala gajeru, kamar santimita 10 zuwa 12, wadda ƙafar ɗan shekara biyu za ta iya hawa. Ɗan guntun bango a bakin baranda domin mai rarrafe. Sakata a can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ƙaramar taga a bangon da ke tsakanin ɗakin jarirai da na mai reno, ta leƙa cikin dare ba sai ta tashi kowa ba. Ɗan ƙaramin ɗaki mai kanta ta siminti da murhunsa, inda ake tafasa madara da kwalabe. A ƙarshen ginin kuma ɗaki mai ƙofarsa ta waje, wanda ba ya buɗewa cikin sauran: nan ake keɓe mai ƙyanda, tarin shiƙa ko sanƙarau. Madafa tana can gefe ita kaɗai saboda gobara. Wajen gyara kada a fasa ɗakin keɓewa a haɗe shi da sauran don a samu babban zaure. Idan yara za su sake kwana a gidan, za a neme shi.

Da me aka yi bangon?

Da abin da ke kusa. A tudun Adamawa jan bulo ne da marmara, a Garwa dutsen yashi da garin ke zaune a kai, a Mokolo da duwatsun Mandara dutsen da maginan yankin suka gwanance wajen jerawa. A filayen Yagwa, Kusiri da Injamena dutse ba ya samuwa, sai bulon laka ɗanye ko ƙonanne. Sau da yawa za ku tarar da haɗi: harsashi na dutse ko jan bulo zuwa tsayin gwiwa, daga nan bulon ƙasa, a yaɓe, a shafe da farar ƙasa. Kauri santimita 40 zuwa 60. Wannan kauri ke riƙe zafin rana har dare, abin da ya sa ɗakin ke da sanyi da azahar. A watan Maris da Afrilu kuwa bangon yana sako zafin da daddare, a nan baranda ke zama wurin kwana.

Mun yi wa bangon filastar siminti shekarun baya, yanzu gindinsa na ruɓewa. Me ya faru?

Wannan ita ce cutar da ta fi kashe irin waɗannan gine-gine, kuma da kyakkyawar niyya ake kawo ta. Bangon ƙasa ko na jan bulo da laka yana tsotsar laima daga ƙasa da damina, ya fitar da ita ta fuskarsa idan iska ta buga. Siminti yana toshe wannan hanya, kamar mutum ya sa rigar leda a watan Afrilu a Garwa: gumin ba ya fita, a jiki yake zama. Laima sai ta taru a bayan filasta, ta yi sama, ta tafi da gishirin ƙasa. Ƙasar ta yi laushi, ta zama gari. Ga shi siminti da laka ba sa miƙewa da ƙanƙancewa tare, don haka filasta ta tsage, ruwan sama ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Daga waje bangon sumul yake, a ciki an cinye kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa.

Ku ƙwanƙwasa da ƙotar guduma. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filasta ta rabu da bango. Sauran alamomin su ne farin gari kamar kanwa a tsayin gwiwa zuwa ƙugu, fenti mai kumbura, da warin laima a ɗaki ko da rani. Daɓen siminti da aka zuba har jikin bango, ciki da waje, yana ƙara tsananta abin, domin duk laimar da ke ƙarƙashinsa bango take nufa.

Ba a ɓamɓare filastar gaba ɗaya rana guda. Ana raba gindin bangon gida-gida, kowane gida kamar mita ɗaya, a buɗe ɗaya a tsallake biyu. Da kurfi da ƙaramar guduma ake yi, ba da babbar guduma ba. Idan ramin da aka tarar ya kai kashi ɗaya cikin uku na kauri, a tokare rufin da bangon kafin a ci gaba. A share garin ƙasar har a iske mai ƙarfi, a bar wurin ya sha iska mako uku zuwa huɗu, sannan a cike da bulo irin na asali, a ɗaure da laka, a cusa sosai kada a bar kogo. Sai gida ɗaya ya bushe ake buɗe na kusa da shi. Ramin da ya zurfafa ba a cike shi da zallar laka, domin za ta ƙanƙance ta rabu da bangon.

To da me za mu yaɓe?

Bangon ƙasa, yaɓen ƙasa. A gwada ƙasar tukuna: a kwaɓa ta, a murza ta kamar kaurin babban yatsa biyu, a riƙa tura ta a hankali daga bakin tebur. Idan ta karye kafin santimita 5, yashi ya yi yawa. Idan ta wuce 15 ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, za ta tsattsage. Tsakanin nan ake so. Daga nan a yi gwaji huɗu a jikin bangon, kowanne kamar taku ɗaya: kwanon ƙasa ɗaya da na yashi ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da uku, ɗaya da huɗu. Bayan kwana uku a ɗauki wanda bai tsage ba kuma ba ya zuba idan an goga tafin hannu. A zuba yankakkiyar ciyawa mai tsawon santimita 3 zuwa 5 da kashin shanu, a bar kwaɓin ya tsima kamar mako guda. A jiƙa bango, a yi shafin farko kada ya wuce santimita ɗaya da rabi, a karce shi, ya bushe, sannan shafi na biyu siriri. Inda ake samun ɗorawa, ruwan makuba a shafin ƙarshe yana ƙara wa yaɓe juriyar ruwa, musamman a bangon gabas.

Bangon jan bulo ko dutse kuwa farar ƙasa ta ƙonannen dutse yake so, irin wadda ake samu daga Figil: awo ɗaya da awo uku na yashin rafi mai kaifi, wanda aka tankaɗe. Idan ɗanya ce mai dunƙule, ita ake zubawa cikin ruwa a duro, ba a zuba mata ruwa a kai. Tana tafasa tana fantsama, don haka a rufe ido da hannu, a kori yara. A bar ta ƙarƙashin ruwa aƙalla mako biyu. Ta buhu mai gari a jiƙa ta kwana guda. Farar ƙasa a hankali take kamawa, iskar hunturu kuma tana busar da ita kafin ta kama, sai ta zama gari. A rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gaban bangon, a yayyafa ruwa safe da yamma har mako guda. Shafen fari kuma tsararo ake yinsa kamar madara, sau uku zuwa biyar, da kwana guda a tsakani.

Birkila zai ce, "Alhaji, bari mu sa ɗan siminti kaɗan don ya yi saurin kamawa." Kada ku yarda. Fentin mai ma haka, toshe bango yake yi.

Rufin fa?

Da shi ake farawa, domin ruwan da ke sauka a kansa ba kaɗan ba ne. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai tsawon mita 30 da faɗin 10, a ruwan milimita 40 na dare guda, yana zubar da lita 12,000, wato duro 60. Marwa na samun kusan milimita 800 a shekara, Garwa kusan 1,000, Ngawundare kusan 1,500. Idan indararo ya toshe ko ya karye, duk wannan a gindin bango yake sauka.

A hau cikin silin da rana tsaka, duk inda haske ya ratso a sa alama. A soki kan kowane katako, inda ya shiga bango, da sukundireba, domin nan ne yake fara ruɓewa. A duba wayar ƙarfe ko ƙarfen da ya ɗaure rufin da bango. Tsatsa tana cinye shi a ɓoye daidai inda ya shiga laka, kuma wannan ne ke sa guguwar farkon damina ta kwashe rufi ɗungurungum. Tsohon kwanon ƙarfe da bai huje ba ya fi sabon mai araha ƙwari, a goge tsatsar a shafa masa fenti. Idan dole a canza, a sayi mai kaurin 5/10 ko 6/10, wato milimita 0.5 ko 0.6, a haɗa gefe da gefe tudu ɗaya da rabi, kai da kai santimita 15 zuwa 20, a buga ƙusa a kan tudu da robarta. Ƙusar baƙin ƙarfe tana cin alminiyum a kewayen ramin, jiƙaƙƙen siminti da farar ƙasa ma suna cinsa, don haka a raba su.

Inda rufin soro ne na azara, a tuna azarar da ke ɗauke da ƙasa ba ta son tazarar da ta wuce mita 2. Giginya namiji ake tsagawa, ɓangaren wajen kututturen mai baƙin zare, shi ne gara ba ta iyawa da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa kowace shekara ba a kwashe ba, har nauyi ya lanƙwasa azara.

Bango ya tsage. Zai faɗi?

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Abin tambaya shi ne ko tana motsi. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a auna faɗinta a wuri ɗaya kowane wata har shekara ta zagayo. Wadda ba ta kai milimita 2 ba kuma ba ta ƙaruwa, ta yaɓe ce. Wadda ta wuce 5, ko take hawa kamar matakala daga kusurwar taga, ko ta fi faɗi a sama, ta harsashi ce, a kira injiniya.

A filayen Marwa zuwa Kusiri akwai baƙar lakar nan ta karal da ake dasa masakwa a kai. Tana kumbura da damina, ta dare da rani, ginin da ke kanta yana hawa yana sauka. Tsagarsa tana buɗewa a Maris ta rufe a Agusta. Cusa mata siminti ba ya magani, sabuwa ce za ta fito a gefe. Maganin shi ne a hana laimar da ke kewaye da harsashi canzawa da yawa: a gangarar da ƙasa santimita 5 a kowace mita har mita 2 zuwa 3 daga bango, a kai ruwan indararo nesa, a gyara famfon da ke yoyo. Dalbejiyar da ke jikin gini tana tsotse ruwan ƙarƙashinsa, amma sare babbar bishiya lokaci guda yana sa ƙasar ta kumbura ta ɗaga bangon. Sassabe rassan ake yi a hankali.

A saki igiya mai dutse daga saman bango. Idan saman ya kauce da kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, wato santimita 15 a bango mai 45, a fitar da mutane a tokare shi a ranar.

Gara da jemagu?

A rushe duk surin da ke cikin fili a tono uwar, a kwashe itace da kwalayen da ke jingine da bango, a bar 'yar tazarar iska kewaye da kan katako a cikin bango. Baƙin man mota da ake shafa wa katako bai dace da ɗakin da yara ke kwana ba. Jemagu kuwa bayan magariba, sun fita kiwo, ake toshe kafofinsu da raga. Kashinsu a yayyafa masa ruwa kafin a kwashe, da takunkumi a hanci, domin ƙurarsa tana kawo ciwon huhu.

Akwai abin da ke da haɗari ga yara a cikin tsohon ginin kansa?

Akwai uku. Silin ko rufin asbesto, mai launin toka kamar siminti: kada a fasa shi, kada a yanka da zarto, a jiƙa shi a sauke shi ɗungum. Tsohon fentin mai a ƙofofi da tagogi yana iya ƙunsar dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro, don haka ba a goge shi a bushe, a jiƙe ake kankarewa a kwashe ɓawon. Sai tsofaffin rijiyoyi da ramukan masai da aka rufe da itace da ƙasa aka manta. A tambayi dattawan da suka san gidan, a bi filin da rodi ana soka ƙasa. Sabon masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya, gindinsa kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa.

Wane wata ya dace, kuma me ke gaba da me?

Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton kowane bango, a zana taswirar gidan da awo. Da ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba, a yi rufi da magudanai. A buga bulon gyara a lokacin, a juya shi a gefensa bayan kwana uku, ya bushe mako uku zuwa huɗu. Gindin bango a Disamba da Janairu, yaɓe da fari a biyo baya. A Ngawundare ruwa na iya dawowa tun Maris, don haka lokacin ya fi ƙuntata. Idan kuɗi bai isa ba, a yi rufi da magudanai a tsaya, sauran su jira baɗi. Fenti da tayil su ne na ƙarshe, ko da yake su masu ba da taimako suka fi son gani.

Waɗanne takardu ake bukata?

A fara sanin mai filin. Tun dokar filaye ta 1974, takardar mallaka, wato titir fonsiye, ita ce hujja a Kamaru, kuma filayen mishan da yawa suna da ita da sunan coci ko da wasu ne ke amfani da ginin yau. Izinin gini ko rushewa daga ofishin magajin gari yake fitowa. Akwai dokar 2013 kan kayan tarihi, saboda haka a tuntuɓi ofishin ma'aikatar al'adu na yankin kafin a canza fuskar tsohon gini. Buɗe wurin ajiye yara kuma sai da izinin ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a.

Ya kamata a mayar da marayu ciki bayan gyara?

Shawararmu ita ce kada gyaran gini ya zama dalilin tara yara. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 sun fifita renon yaro cikin iyali, musamman wanda bai kai shekara uku ba, kuma wannan ya yi daidai da riƙon da muka gada. Ginin zai fi amfani a matsayin wurin renon wucin gadi, wurin ciyar da yara masu tamowa, ajin karatu, ko wurin koya wa zawarawa masu riƙon marayu sana'a. Idan yara za su kwana, kowane ɗaki ya samu ƙofa biyu masu buɗewa waje, aƙalla taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki, tazarar mita ɗaya tsakanin gadaje, gidan sauro, masai ɗaya ga mutum 20 ko ƙasa da haka, kuma a raba maza da mata. A sake wayar lantarki gaba ɗaya, a bi da ita cikin bututu a saman bango, kada a sassaƙe bangon ƙasa don a binne ta.

Mun tarar da tsohon littafin rajistar yara a cikin sito. Yaya za mu yi da shi?

A cikinsa akwai sunan jariri, ƙauyensu, wanda ya kawo shi, wani lokaci da dalilin rasuwar uwa ko cutar iyaye. Wasu daga cikin masu sunayen suna raye, 'ya'yansu da jikokinsu na cikin gari, kuma ba kowa ne ya san asalin kakansa ba. Kada a ɗora shafukansa a Facebook ko WhatsApp. A kakkaɓe ƙurar da burushi mai laushi, kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada a sa shi a leda domin tana tara laima. A ɗauki hoton kowane shafi a inuwa, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban. Littafin kansa a naɗe shi da farin ƙyalle a sa a akwatin ƙarfe, a kan kanta, nesa da ƙasa da bangon waje. A sanar da cocin ko hukumar da ta mallaki gidan, a kuma wakilta mutum biyu amintattu waɗanda za su riƙa duba wa mai neman labarin kansa ko na mahaifansa shafin da ya shafe shi kaɗai.